Na biya kuɗin tikiti, an ce in shiga wani fim ɗin

Har yanzu zuciyata tafasa take yi, kuma na ƙi haɗiye wannan maganar. Aiki ne ya kai ni Abuja, sai na ce tunda Allah ya kawo ni inda gidajen sinima suke da sauran numfashi, bari in cika burin da na daɗe ina rainonsa, in kalli My Father's Shadow a babban allo. Fim ɗin Akinola Davies Jr. ne, wanda ya je bikin Cannes na Faransa a 2025, karon farko da fim ɗin Najeriya ya shiga jerin da masu bikin suka zaɓa da kansu. Labarin yara biyu ne da suka bi mahaifinsu Legas a kwanakin da soja suka soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993. Ni da ƙafata na bi layi a zaɓen nan, kuma na san yadda Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar da aka haifi shi Tofan, na kuma san irin shirun da ya sauka a gari da aka ce an soke. Don haka abin ya wuce sha'awar kallo a wurina.

Na duba shafin wani gidan sinima, an rubuta ƙarfe huɗu da minti ashirin. Na biya naira dubu bakwai ta waya, kuɗi ya fita, saƙo ya shigo. Na taso daga Kubwa, na sha cunkoso, na isa da sauran rabin sa'a. Yarinyar da ke kan kanta ta kalli wayata, ta kalli kwamfutarta, ta ce wai babu wannan fim ɗin yau, in zaɓi wani. Ko "yi haƙuri" ban samu ba. Na ce a ba ni kuɗina. Ta ce ba sa mayar da kuɗi, sai dai su ba ni wata 'yar takarda da zan dawo da ita cikin kwana talatin. Na ce a kira manaja. Aka ce ya fita.

Wani yaro Bahaushe da ke yagar tikiti a bakin ƙofa ne ya ji muryata ta tashi, ya matso a hankali ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, wallahi tun shekaranjiya suka cire shi, mutum huɗu ne kawai suka saya." Tun shekaranjiya! Amma shafinsu yana ta karɓar kuɗin mutane. Ɗakin da ya kamata mu zauna kuwa sun ba wa wani fim ɗin Amurka na masu tashi sama suna rushe gine-gine, wanda dama yana da ɗakuna biyu. Wannan ba kuskure ba ne, cin amana ne, kuma da a ce mai tumatir ne a kasuwar 'Yankaba ya karɓi kuɗin kwando ya miƙo maka albasa, da tuni an tara masa jama'a.

Kada wani ya ce min ina ƙyamar manyan fina-finai. Na kalli A Tribe Called Judah na Funke Akindele, fim ɗin Najeriya na farko da ya haye naira biliyan ɗaya a gidajen sinima, na yi dariya har da hawaye, kuma ina taya ta murna. Amma ko tuwon shinkafa ne, in aka ce shi za ka ci safe da rana da dare, sai ya gundure ka. Yawancin waɗannan manyan fina-finan kafin ka isa bakin titi ka manta da su. Akwai kuma waɗanda suke biyo ka har gida, su hana ka barci, kuma su ne ake rufe wa ƙofa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na gida. A Kano muka taso da gidajen sinima irin su Plaza da El-Dorado da Marhaba da Orion, yau kallonmu ya koma shagon turi da fuskar waya. The Milkmaid, fim ne da aka yi mafi yawansa da Hausa, aka ɗauke shi a Taraba, ya ci kyautar gwarzon fim a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2020, Maryam Booth ma ta samu kyauta a cikinsa, Najeriya ta tura shi gasar Oscar. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, shi ma da Hausa, shi aka tura Oscar a 2024. Na zaga shagunan turi uku a unguwarmu ina neman su. Na farko ya ce bai taɓa jin sunan ba. Na biyu ya ɗauka fassara ce. Na uku ya karɓi wayata ya ce, "Alhaji, irin waɗannan ba sa tafiya, ga sabon Indiya-Hausa nan mai zafi." Ban ga laifin yaron ba, abin da aka kawo masa yake sayarwa. Amma fim da yarena, a kan mutanena, alƙalai a Amurka sun gan shi, ni ina tsakiyar Kano ina bara.

Zinder na Aicha Macky ma sai da wani aboki ɗan Maraɗi ya kawo min shi a filashi. 'Yar Damagaram ce ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da can, ta zauna da samarin da kowa ke tsoro, masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur, ta bar su suka yi magana da bakinsu. Hausa ce tsantsa, ban buƙaci rubutun ƙasan allo ba. Da ya ƙare na daɗe a zaune ban motsa ba, domin na san irin waɗannan yaran a lungunanmu, na san iyayensu. Kuma ina sane da cewa ko sisi bai shiga hannun matar nan daga kallon da na yi ba, abin yana damuna ƙwarai.

Sai a ce ka hau intanet. Da wace data? Tun farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Ka sayi datar, netwok ya riƙa yankewa, hoto ya tsaya yana juyi a daidai inda uba zai buɗe baki ya yi wa ɗansa magana. Ka je biyan kuɗin manhaja, katin banki ya ƙi. Bayan duk wannan a juyo a ce 'yan Arewa ba su san fim mai ma'ana ba, sai satar fasaha. Ina ƙofar halak ɗin da kuka buɗe mana muka ƙi shiga?

Su ma masu shirya waɗannan fina-finan ban wanke su ba. Kuna da kuɗin jirgi zuwa bukukuwan Turai, amma ba ku da kuɗin hayar zaure guda a Kano ko Zariya ko Sakkwato, da majigi da janareta, na dare biyu? Ku sa kuɗin shiga, za mu biya. Ni ne mutumin da ya biya dubu bakwai da kuɗin tasi.

Takardar da suka ba ni tana nan cikin aljihuna, saura kwana tara ta mutu, tsakanina da su kuwa fiye da kilomita 400. Lambar da ke bayanta na kira sau shida, tana ta ƙara, babu mai ɗauka.