Postfix a gidan kulle

A ƙungiyarmu ta manoman riɗi, nan wani ƙauye kusa da Gumel, ni ake kira Injiniya, saboda kawai na taɓa zama Kano na koyi Linux. Ni na ɗora Debian, wani nau'in Linux, a tsohuwar kwamfutar ofis, na saka mata Postfix don ta riƙa aika imel ga dillalai. Wata huɗu ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Ranar wata Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari, shugaba ya ce a tura wa wani dillali farashi kafin la'asar. Na tura. Shiru. Na buga mailq, umarnin duba wasiƙun da ba su fita ba, sai ga wasiƙu goma sha ɗaya a layi kamar masu jiran awo, kowace da ƙorafi ɗaya: wai ba a gane sunan inda za ta ba. Abin haushin, in na gwada sunan da hannuna, nan take kwamfutar ta gane shi. Inji ɗaya, baki biyu!

Na zargi kamfanin layi, na yi musu Allah ya isa. Na tura yaro ya hau katanga da rauta, ya riƙe ta sama kamar mai kiran sallah. Na sayi data har sau biyu. Kawu, maigadinmu, ya leƙo ya ce, "Ɗana, tun da aka sare tsamiyar bayan ofis na san za a rina." Har ya tafi neman garwashi da turare.

Sai da gumi ya jiƙa min 'yar shara na buɗe master.cf, fayil ɗin saitin Postfix, na ga harafin y, wato "e", a layin chroot, tsarin kulle manhaja a wuri ɗaya. Ashe Postfix ɗin a kulle take! Debian ta shigar da ita ɗaki guda, /var/spool/postfix, a ja ƙofa, don ko ɓarawo ya shigo ta kanta, iyakarsa ɗakin. Daga ciki ba ta ganin tsakar gida, balle zaure. Duk abin da take bukata sai an kai mata, har da resolv.conf, 'yar takardar da ke gaya mata wa za ta tambaya adireshi. Ana kwafa mata ita ne lokacin da ta tashi.

To da safe an ɗauke wuta, na tayar da janareta, kwamfuta ta riga rauta farkawa. Aka kai wa amarya takarda ba komai a ciki. Daga baya ta waje ta cika, ta ɗaka tana nan fayau. Ni kuwa wuni guda ina duba ta waje ina cewa lafiya lau.

Na sake tayar da Postfix, na buga postqueue -f, umarnin sake tura wasiƙun da ke layi. Daidai lokacin Kawu ya shigo da kasko yana turnuƙe ofis da hayaƙi, wasiƙu suka fice ɗaya bayan ɗaya.

Shugaba ya dube ni, ya dubi kaskon. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai matsalar chroot ce." Ya ce, "Injiniya, tun hantsi kake danne-danne." Ya zaro dubu biyu ya miƙa wa Kawu.

Yanzu duk safiya Kawu sai ya turara kwamfutar kafin in iso. Ni kuma sai in faki idonsa, in kunna rauta tukuna.