Ɗigon ruwa biyar: yadda kamfanonin AI ke tauye mana mudu

Tun watan Agustan 2025 da kamfanin Google ya fitar da lissafinsa, ba a bar mu mun huta da zancen ɗigon ruwa biyar ba. Kamfanin ya ce matsakaiciyar tambayar da mutum ke rubuta wa manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira (AI) mai suna Gemini ba ta shan ruwan da ya wuce mililita 0.26, wato kusan ɗigo biyar, wutar da take ci kuma ba ta kai ta kallon talabijin na daƙiƙa tara ba. Wata biyu kafin nan shugaban OpenAI, Sam Altman, ya riga ya ba da nasa awon, ya ce tambaya ɗaya a ChatGPT ruwanta kashi ɗaya ne cikin 15 na ƙaramin cokali. Nan da nan masu tallata ƙirƙirarriyar basira suka ɗauka suna yayatawa, har da 'yan uwanmu masu shirya bitar kasuwancin intanet, suna cewa to ga shi nan, masu kukan muhalli sai su kama bakinsu.

Ni dai ban kama nawa ba, domin na san wannan awon. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya san mudun da aka bubbuga wa gindi. A gabanka ake awon, kana kallo ana cika shi har da tozo, sai ka je gida ka juye ka ga bai kai ba. Mai awon bai yi maka ƙarya da baki ba, mudun ya gyara tun kafin ka iso.

A duba yadda aka gyara wannan mudun. Tambayar rubutu kawai aka auna, ba a saka hoto da bidiyo ba, alhali su ne masu cin wuta na gaske, kuma su ne ake tura wa 'yan kasuwa yanzu su yi talla da su. Ba a saka wutar da aka ƙone wajen horar da manhajar ba. A wajen ruwa kuma, wanda ake sanyaya na'urori da shi kaɗai aka ƙirga, aka bar wanda tashoshin lantarki ke sha kafin su ba da wuta ga cibiyoyin bayanai, wato manyan gine-ginen da ake jibge na'urorin. Masana irin su Shaolei Ren na Jami'ar California da ke Riverside sun nuna wannan giɓin tun a makon da rahoton ya fito. Sannan babbar dabarar ita ce raba kogi zuwa ɗigo-ɗigo. OpenAI da bakinsa ya ce a tsakiyar 2025 ana aika wa ChatGPT tambaya biliyan 2.5 a kowace rana. Hausawa sun gama wannan lissafin tun da daɗewa da suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Ga kogin kuwa, daga takardun kamfanonin kansu. A shekarar 2023 cibiyoyin bayanan Google sun sha ruwa galan biliyan 6.1. Na zauna na mayar da shi awon da na sani, na ɗan garuwan da ke turo kura layinmu kullum da sassafe, gumi na zuba, yana tsayawa ƙofa-ƙofa. Da jarkarsa mai lita 25, wannan ruwan ya haura jarka miliyan 900, na kamfani ɗaya a shekara ɗaya. Rahoton muhallin da Google ya fitar a 2024 ya amsa cewa gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa ta ƙaru da kashi 48 cikin 100 idan aka kwatanta da 2019, ta kai tan miliyan 14.3. Microsoft, wanda a Janairun 2020 ya yi alkawarin cewa kafin 2030 iskar kabon da zai janye daga sama za ta fi wadda yake fitarwa, shi ma a 2024 ya amsa cewa tasa ta ƙaru da kashi 29 cikin 100 tun daga shekarar da ya yi alkawarin. Dukansu biyun sun ɗora abin a kan bunƙasar cibiyoyin bayanansu.

Ko waɗannan alƙaluman ma da sauƙi aka yi musu. Akwai wata hanyar lissafi da kamfanonin ke so, inda cibiya za ta sha wutar gas ko ta kwal a garin da take, sai kamfanin ya sayi takardar shaidar wutar sola ko ta iska da aka samar a wani wuri mai nisa, wataƙila ma a wani lokaci daban, ya rubuta a littafinsa cewa wutarsa mai tsafta ce. Hayaƙin ya riga ya tashi, takarda ba ta dawo da shi. Jaridar Guardian ta Ingila ta yi bincike a Satumban 2024, ta gano cewa in aka auna da ainihin wutar da cibiyoyin Google da Microsoft da Meta (mai Facebook da WhatsApp) da Apple suka sha tsakanin 2020 da 2022, hayaƙinsu zai iya ninka abin da suka bayyana fiye da sau bakwai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ake son ya ɗauki nauyin. Da zarar an ce tambayarka ɗigo biyar ce, an mayar da zancen kanka, kai mai waya. Ko dai ka ji daɗi cewa ba ka ɓata komai ba, ko ka ji kunya ka rage tambaya; ta kowace fuska kamfanin ya zare jikinsa. Wannan tsohuwar dabarar talla ce. Kamfanin mai na BP ne ya yayata ta wajajen 2004, lokacin da ya ƙaddamar da ma'aunin da kowa zai lissafa hayaƙin da rayuwarsa ke haifarwa, tafiyarsa da girkinsa da wutar gidansa, domin a shagala da lissafin kai a manta da mai haƙo man. Shekara ashirin bayan nan an sake ɗinka rigar, an ba ta sabon mai sawa.

Kuma wa ya ce mu muka nemi tambayoyin? Tun Afrilun 2024 muka wayi gari muka ga da'irar Meta AI ta bayyana a cikin WhatsApp ɗinmu a Najeriya da Ghana, ba wanda ya nemi izininmu. Daga watan Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar da na'ura ta haɗa a saman sakamakon bincike, ko ka so ko ka ƙi. Kamfani ya cusa maka kaya a aljihu, sannan ya juyo ya ce buƙatar jama'a ce ta tilasta masa gina cibiyoyi. Wannan aikin sashen talla ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Za a ce ai na'urorin na ƙara iya tattalin wuta, kuma Google ya ce wutar tambaya ɗaya ta ragu sau 33 cikin shekara guda. Na yarda ta ragu. Amma tun 1865 masanin tattalin arzikin Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa da injin tururi ya iya tattalin kwal, sai aka ƙara ƙona kwal, saboda abin da ya yi araha kowa zai rungume shi. Shugaban Microsoft, Satya Nadella, da kansa ya ambaci wannan ƙa'idar a Janairun 2025 lokacin da kamfanin AI na China mai suna DeepSeek ya girgiza kasuwa, kuma da murna ya ambace ta, don ya kwantar wa masu hannun jari hankali cewa ciniki zai ƙaru. A gaban masu zuba jari araha alamar ƙarin ciniki ce, a gabanmu kuma sai a ce alamar ceton duniya ce. Baki ɗaya ba ya faɗin magana biyu a kan abu guda sai in akwai wanda ake son a rufe wa ido.

Akwai kuma masu kawo hasashen ambaliya da gano cutar shuka a matsayin hujja. Aiki ne mai kyau, amma ba don shi ake gina cibiyoyin da ke cin wutar gari guda ba, kuma kowa ya san haka.

In ana son a ga gaskiyar kamfani, a bar takardar tallarsa a duba inda yake neman wuta. A Satumban 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a sake tayar da wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, mai ƙarfin megawat 835. Injinan da aka girka a madatsar Kainji lokacin gina ta, gaba ɗayansu megawat 760 aka yi su su bayar. A birnin Memphis, kamfanin xAI na Elon Musk ya girke injinan gas sama da 30 don ciyar da babbar kwamfutarsa, a gefen unguwannin baƙaƙen fata da tun tuni suke fama da cutar asma, kuma ya fara kunna su kafin ya samu lasisin hayaƙi. A ƙasar Ireland cibiyoyin bayanai sun cinye kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar a 2023. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce irin waɗannan cibiyoyi sun sha wuta terawat-awa 415 a 2024, kuma za ta kai wajen 945 zuwa 2030. Na 2024 ɗin kaɗai ya ninka duk abin da babban layin lantarkin Najeriya ke bayarwa a shekara fiye da sau goma.

Wani zai ce ina ruwanmu da wutar Amurka. Ruwanmu shi ne sama ɗaya muke ƙarƙashinta. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma a nan ba tsuntsun da ya ja ruwa ne ruwa ke duka ba. Mutanen Maiduguri sun gani a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mutanen Mokwa sun gani a Mayun 2025. Ban ce kwamfuta ce ta fasa Alau ba, sakacinmu na da nasa kason mai girma. Abin da na ce shi ne damina ta rikice, zafi ya ƙaru, kuma duk tan ɗin da aka ƙara a can mu muke fara jin sa a nan. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa suka kwana sama da mako guda cikin duhu. A cikin irin wannan halin ne na tsaya a shagon wani matashi mai buga fosta, janaretansa na ruri a bakin ƙofa, hayaƙi na shigowa, shi kuma yana haɗa wa wata mai sayar da turare hoton talla da manhajar AI. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema, kuma aikin ya yi kyau. Laifin da na gani na wanda ya sayar masa da manhajar ne da sunan kayan kare muhalli.

Turai ta fara gajiya da irin wannan. Dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024 ta hana kamfani kiran kayansa mai kare muhalli ba tare da hujja ba, ta kuma hana fakewa da sayen takardar biyan diyyar hayaƙi, daga Satumban 2026. A Amurka ma hukumar kula da hannun jari ta ci tarar kamfanoni biyu, Delphia da Global Predictions, dala 400,000 a Maris ɗin 2024 saboda ƙaryar amfani da AI a tallarsu. Mu ma muna da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON da hukumar kare masu saye ta FCCPC, wadda ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024. Cibiyoyin bayanai sun fara yawa a Legas, kuma za su ƙaru. Kafin a ba kowace sabuwa fili da layin wuta, a sa ta faɗi ruwan da za ta sha da wutar da za ta ci a shekara, jimla, da inda za ta samo su, wani daban ya tabbatar. Duk kamfanin da ya zo da lissafin ɗigo, a mayar masa da takardarsa ya kawo na rijiyar da yake ɗiba.