Bayan ta rufe ƙofar ɗakinta, me ta ji?

Ranar wata Asabar ƙanwata tana wanke-wanke a tsakar gida, ta jingina waya da tulu, ana karanto mata labari daga YouTube. Na zauna a bakin ƙofa ina saurare. Uwargida ta je wurin boka, ta karɓo ƙullin magani, ta barbaɗa a miyar amarya, amarya ta yi ɓari. Sai mai karatun ta ce uwargida ta koma ɗaki tana dariyar mugunta, aka wuce babi na gaba. Ni kuwa a nan hankalina ya tsaya. Matar da ta salwantar da cikin wata, ta iya cin tuwon dare? Da ladan ya kira assalatu, hannunta bai yi rawa a kan buta ba? Marubuciyar ba ta leƙa ɗakin ba, kuma a ganina a can labarin yake.

Akwai nau'in ƙagaggen labari da aikinsa ke nan: shiga ƙirjin mutum a bi saƙe-saƙensa. Wanda ya fi kama ni a ciki shi ne littafin marubucin Rasha Fyodor Dostoyevsky, wanda za a iya kiran sunansa da Hausa "Laifi da Hukunci". Ya fito ne kashi-kashi a wata mujalla a 1866. Raskolnikov, ɗalibin da talauci ya raba da jami'a a birnin St Petersburg, ya ɗauki gatari ya kashe wata tsohuwa mai ba da bashi a kan jingina, ya haɗa da 'yar'uwarta Lizaveta da ta shigo bagatatan. Littafin kashi shida ne, ban da ɗan rufewa, kuma an gama kisan tun a kashi na farko. Mai karatu ya san wanda ya yi, ya san da me ya yi. To me ke riƙe shi har ƙarshe?

Zuciyar mai laifin ce. Ya kwashi jakar kuɗin tsohuwar, bai ko ƙirga abin da ke ciki ba, ya je ya tura ƙarƙashin wani dutse. Zazzaɓi ya kwantar da shi. An kira shi ofishin 'yan sanda kan bashin kuɗin haya kawai, amma da ya ji ana zancen kisan sai ya suma. Wurin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne inda ƙafarsa ta mayar da shi gidan da ya yi ta'asar, ya tarar ana gyaran ɗakin, ya kama ƙararrawar ƙofa yana ja, yana saurarenta, yana tambayar ma'aikata ina jinin da ke ƙasa. Babu wanda ya aike shi. Mai bincike Porfiry ba shi da wata ƙwaƙƙwarar shaida. Hira kawai yake jansa da ita, yana jiran mutumin ya kawo kansa. Haka kuwa aka yi, aka yanke masa shekara 8 a Siberiya. Dostoyevsky ya san abin da yake rubutawa: a 1849 an tsayar da shi za a harbe, aka janye hukuncin a daidai gaɓar, sannan ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk tare da masu kisan kai na gaske.

Kada a ce wannan abin Turawa ne. Alƙur'ani ya ambaci mai sanya waswasi a ƙirazan mutane, ya kuma yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama. Harshenmu cike yake da kayan aikin: zulumi, fargaba, tufka da warwara, "zuciyata ta raya mini", "gabana ya faɗi". Tun a shekarun 1930 "Jiki Magayi" na John Tafida da Rupert East ya bi yadda ƙullatar Abubakar, bayan mai kuɗi ya aure masa Zainab, ta cinye rayuwarsa. A zamaninmu Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta Najeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa a 2016 da labarin wata bazawara mai shekara 55 da ke kokawa da kunya, sha'awa da kewar ɗanta. Da Turanci ya rubuta, amma mutanen ciki namu ne.

Me ya sa to akasarin abin da ake zubowa kullum a WhatsApp da YouTube yake tsallake wannan? Wasu za su ce gaggawa ce, masu karatu na jiran shafin gobe. Ban gamsu ba, don shi ma Dostoyevsky a guje ya yi rubutunsa, bashi ya yi masa katutu. Dalilin da na fi zargi shi ne tsoro. Marubutanmu sun daɗe suna shan zargin ɓata tarbiyya. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Wanda aka yi wa haka zai so ya nuna ba ya tare da mugu, sai ya yi shi baƙi ƙirin, ya hukunta shi da hauka ko haɗarin mota a babin ƙarshe. Sannan ga asiri da aljanu, waɗanda ke sauƙaƙa wa marubuci aiki: da zarar an ce an yi wa miji sammu, an huta da tambayar dalilin da ya sa ya wulaƙanta matarsa.

Na san damuwar iyaye, kuma ban raina ta ba. Suna tsoron idan aka fahimtar da yarinya abin da mai laifi ke ji, za ta ba shi uzuri. Amma muguwar da ke dariya a ɗaki ba ta tsoratar da kowa, domin babu mai karatun da ke ganin kanta a cikinta. Wadda ke girgiza mutum ita ce wadda ta fara da ƙaramin kishi irin na kowa, aka fifita wata a kanta a rabon atamfar salla, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, har wata rana ta samu kanta a layin boka tana gaya wa ranta kare kai kawai take yi. Mai karanta wannan za ta gane matakin da ita kanta take kai.

Da aka gama babin na tambayi ƙanwata me take ganin uwargidan ta yi a daren. Ta dakata da kwano a hannu, kumfa na ɗiga, ta ce, "Yaya, ni ina ga ita ce za ta fara dama kunu ta kai asibiti. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun amaryar, tana yi mata sannu, amma ba za ta iya kallon idonta ba."