Kafin ka biya kuɗin ƙafar kyamara, girgiza ta tukuna

Jama'a, akwai abin da ke damuna. Matashi zai yi ta tara kuɗi har ya sayi waya mai kyamara mai kyau, ko Canon ko Nikon ta hannu, sannan ya ɗora ta a kan ƙafar kyamara (tripod, mai ƙafa uku) da iska kaɗan za ta kayar. Ba cewa nake a sayi ƙafar kamfanin Manfrotto mai tsada ba. Mai ɗaukar hoton suna, walima ko faɗuwar rana don nishaɗi ba ya buƙatarta. Amma ko a cikin masu arha akwai zaɓi.

Yawancinmu tsawo muke fara dubawa. Mai shago zai zare ta har ta wuce kanka, ranka ya yi daɗi. To, kaso mai yawa na tsawon nan daga sandar tsakiya yake fitowa, wato sandar da ke zarowa sama daga tsakanin ƙafafun uku, kuma da zarar ka ɗaga ta sama, kyamararka ta koma kan sanda ɗaya, kowane motsi sai ya bayyana a hoto, musamman bayan magariba da haske ya yi ƙasa. Ka gwada tsawonta ba tare da ɗaga sandar ba. In ta kai ƙirjinka, ta ishe ka.

Inda ƙarya ko gaskiyar ƙafa take shi ne kai, wato wurin da kyamara ke zama. Ƙafafu masu arha sosai kansu na roba ne. Ka saita hoto, ka ɗaure, ka saki hannu, sai ka ga kyamarar tana sunkuyawa a hankali. Wallahi babu abin da ke kashe sha'awar ɗaukar hoto kamar wannan. Nemi kai na ƙarfe. Kai mai ƙwallo, wanda ke juyawa ta kowane ɓangare, ya fi saurin saiti ga hoto, mai mariƙin juyawa kuma ya fi dacewa da bidiyo. Sannan duba farantin da ake ɗaurawa a gindin kyamara. Kusan duk kyamarori ramin kusarsu ɗaya ne, rubu'in inci, amma faranti ya bambanta. In samfurin Arca-Swiss ne, wanda kamfanoni da yawa ke amfani da shi, ko ya ɓace za ka samu wani. In na kamfanin kaɗai ne, ranar da ya ɓace ka shiga nema.

Nauyi kuwa, ta alminiyum mai kilo 1 zuwa 1.5 ta wadatar. Abin da aka rubuta a kwali cewa tana iya ɗauka, ni rabinsa nake yarda da shi.

Kada kuma mu manta da hunturu. Ƙurarmu tana shiga gaɓoɓin ƙafa ta cinye makullansu, don haka mai gaɓa uku ko huɗu ta fi mai biyar, wadda ƙarshenta siriri ne kamar tsinke. Ka riƙa goge ta da busasshen tsumma, ban da shafa mai, don shi mai tara ƙura yake yi. In tana da ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya, rataya jakarka ranar da ake iska.

Don Allah kada ka saya daga hoton talla kawai. In kana Kano ne, ɗauki wayarka ko kyamararka ka je kasuwar waya ta Farm Center da ita, ka ɗora, ka zare ƙafafun gaba ɗaya, ka dafa samanta ka ɗan murɗa. In ta yi rawa a cikin shago, ajiye musu kayansu ka ce a kawo wata.