Jerin watan Agusta ba shi ne kakar wasa ba

Na karanta jerin gwanayen ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i da kuka fitar tun ba a busa usur ba, kuma gaskiya ban gamsu ba. Kusan duk na sama masu jefa ƙwallo ne daga manyan makarantu. Suna kuka bi, ba aiki ba.

Ku tuna 2019. Wa ya sa Joe Burrow, mai jefa ƙwallo na jami'ar LSU ta jihar Louisiana, a sahun gaba? Jifansa 16 kacal suka kai ga ci a 2018. Shekara na zagayowa ya yi 60, ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, LSU ta cinye wasanninta 15 duka. Na hana idona barci na kalli wasan ƙarshe da jami'ar Clemson a waya, har aka kusa kiran assalatu.

Spencer Rattler na jami'ar Oklahoma kuwa, shi aka yi ta kambamawa a 2021, amma a watan Oktoba, ana tsakiyar wasa da Texas, koci ya zaunar da shi ya sako Caleb Williams.

Don Allah ku riƙa duba ƙartin layin gaba da ke kare mai jifa. In suka yi sako-sako, kafin ya ɗaga hannu an kai shi ƙasa.