Cire Darasin Juyin Halitta Daga Littafi Ba Zai Hana Ƙwayar Cuta Sauyawa Ba

Har yau abin da hukumar tsara manhajar makarantu ta Indiya ta yi a 2023 bai daina ci mini tuwo a ƙwarya ba. Ta cire batun juyin halitta daga littafin kimiyya na 'yan aji goma, da sunan rage wa yara nauyin karatu bayan annobar korona. Masana kimiyya da malamai sama da 1,800 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafi, aka yi kunnen uwar shegu da su. Turkiyya ma ta yi irin haka a 2017, wai batun ya fi ƙarfin 'yan sakandare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wasu suka yi ta murna, suna cewa gara da aka kawar da karatun da ke cewa mutum daga biri ya fito.

Duk wanda ya taƙaita ilimin nan ga zancen biri bai buɗe littafin ba. Ginshiƙin abin da masanin halittu Charles Darwin ya wallafa a kan juyin halitta a 1859 magana ce da yaro zai gane. 'Ya'yan uwa ɗaya ma ba su zama iri ɗaya, kuma ana gadon wannan bambanci. Ana haifar fiye da abin da abinci da muhalli za su iya ɗauka, sai yanayi ya yi tankaɗe da rairaya. Wanda halinsa ya dace da wurin shi ke rayuwa ya hayayyafa, bayan 'yan zuriyoyi sai ka tarar irinsa ne suka cika wurin.

Sau nawa ka ji mara lafiya ya ce jikinsa ya saba da magani, shi ya sa ya daina yi masa aiki? Jikinsa bai saba da komai ba. Cikin miliyoyin ƙwayoyin bakteriya da ke damunsa akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da taurin kai. Maganin ya kashe raunana, masu taurin suka samu fili, kuma wasu bakteriya kan rabu gida biyu duk bayan minti 20. Kafin a ankara, jikokin masu taurin kan ne suka mallake jikin, daga nan su tsallaka zuwa maƙwabci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin haka tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani.

Haka zazzaɓin cizon sauro ya yi wa kulorokwin. Bijirewar ta ɓulla a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta iso gabashin Afirka a 1978, maganin da aka dogara da shi ya koma kamar alli. Yanzu kuma an tabbatar da ƙwayar cutar da ta fara turje wa atemisinin, maganin da ya maye gurbin kulorokwin, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Shi kansa sauron ya sauya. A ƙasashe da yawa maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi ya rage kashe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 a koma ga gidajen sauro masu haɗin magani biyu. Wannan shi ne darasin da aka ce ya yi wa yara nauyi.

Masu musu sukan ce ai wannan ɗan canji ne kawai, sabon jinsi kam ba wanda ya taɓa gani ya fito. To, gani ya kori ji. Tun 1973 wasu masana biyu, miji da mata, Peter da Rosemary Grant, suka riƙa zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major a rukunin tsibiran Galapagos da ke Tekun Pasifik, suna kama ƙananan tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, suna auna bakinsu, suna sa musu zobe a ƙafa. A 1977 aka yi fari, ƙananan ƙwayoyin tsirrai masu laushi suka ƙare, sai manya masu tauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wani nau'in tsuntsayen suka mutu, waɗanda suka tsira galibi masu kaurin baki ne, 'ya'yansu kuma suka gaji bakin. A 1981 wani namijin tsuntsu ya sauka tsibirin daga wani mai nisan fiye da kilomita 100. Ya fi na wurin girma, kukansa ma daban. Ya haihu da 'yar gida, 'ya'yansa maza suka ɗauki kukan ubansu, matan tsibirin suka ƙi kula su, dole zuriyar ta koma hayayyafa a tsakaninta. Cikin 'yan zuriyoyi suka ware, suna rayuwa kamar jinsi mai zaman kansa, a kan idon masu binciken. A Tafkin Victoria na gabashin Afirka kuwa, kusan nau'i 500 na wani dangin kifi ne suka rarrabu cikin shekaru kimanin 15,000.

Masu kare matakin Indiya suna cewa batun yana nan a aji sha biyu, alhali sun san ɗimbin ɗalibai na rabuwa da ilimin halittu tun daga aji goma. Su ne gobe za su zama manoman da ke fesa maganin ƙwari iri ɗaya shekara da shekaru, da masu kiwon da ke zuba wa lafiyayyun kaji maganin bakteriya a ruwan sha don su yi saurin girma, da 'yan majalisar da za su rubuta dokar sayar da magani. Hana su wannan ilimi sakaci ne da rayukan jama'a, kuma jami'an da suka sa hannu sun fi kowa sanin haka.

A mayar da darasin wurinsa, a kuma daina jibge shi a ƙarshen littafi inda zango ke ƙarewa ba a kai gare shi ba. Malami ya fara da sauro da bakteriya da nau'o'in korona irin su Delta da Omicron, waɗanda ɗaliban suka ga yadda ɗaya ya ture ɗaya cikin 'yan watanni.