Hadari daga gabas yake tasowa, me ya hana labarinsa ya riga shi isowa zango?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Nima ko Mamobi, unguwannin zango na birnin Akara, cikin watan Maris ya san zafi. Rufin ya sha rana tun safe, da dare ya riƙa amayo ta a kan masu barci, in kuma aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai kowa ya ja tabarmarsa zuwa tsakar gida. Tsofaffinmu kan ce irin wannan zafi ruwa yake kira, kuma da gaskiyarsu. Iskar da ta yi zafi ta kwashi laimar teku ita ke hawa sama ta haɗa gajimaren da ke sauko mana da tsawa da walƙiya.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Hukumar Kula da Yanayi ta Gana, GMet, tana fitar da hasashen damina: yaushe za ta fara, yaushe za ta ɗauke, ina ruwa zai yi yawa. Mu a kudu damina biyu gare mu, babba wadda ke tsananta a watan Yuni, da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ban da wannan, hukumar kan fitar da gajeren gargaɗi duk lokacin da ta hango hadari na tafe. Wannan gargaɗin shi nake magana a kai, domin shi ke iya ceton rai, kuma shi ne ba ya shigowa lungunanmu.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake haɗowa. Yawancin wanda ke zubo mana ruwa kamar da bakin ƙwarya yakan ratso ta Benin da Togo, ya bi ta yankin Volta kafin ya iso Akara, tauraron ɗan'adam kuwa yana ganinsa tun yana hanya. Ke nan sau da yawa akwai tazarar wasu sa'o'i. Amma da Turanci ake fitar da sanarwar, a Facebook da X, da taswira mai launi-launi. Hajiyar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin babbar kwata ba can take neman labari ba. Ita sai ta ji iska ta fara kwashe mata murfin roba sannan ta san da zuwan hadari, a lokacin kuwa yaranta suna makarantar allo a ɗaya gefen kwatar.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Akara ba gari ne mai yawan ruwan sama ba. Abin da take samu a shekara bai wuce kusan milimita 800 ba, Kumasi ta kusa ninka ta. Matsalarmu ruwan wata guda yana iya sauka a dare ɗaya, a garin da aka shafe ƙasarsa da siminti. Ruwan ya gangaro daga tuddan Akwapim, ya bi kogin Odaw zuwa tafkin Korle kafin ya faɗa teku, kwatar Nima ma can take zubawa. In yashi da ledar fiya wata sun toshe hanyar, ruwa ba ya jira, ɗakunan mutanen Alajo da Adabraka yake shiga.

Ranar Laraba 3 ga Yuni, 2015, mutane suka fake wa ruwa a gidan man GOIL da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Man fetur ya malala a kan ambaliyar, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu, aka yi makokin kwana uku a faɗin ƙasa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Har yau in na bi ta wurin, tambaya ɗaya ke zuwa mini: mutum nawa ne daga cikinsu da sun tashi daga kasuwa da wuri in da wani ya faɗa musu tun la'asar?

Ban ce gwamnati ta kwanta ba. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID na gyaran magudanan yankin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa. Dole mu ci gaba da bin bahasin kuɗin nan. Sai dai yashe kogi da gina kwata aikin shekaru ne, damina kuwa ba ta fashi.

Abin da ke hannunmu yau shi ne lasifika. Babu lungun zangon da ba shi da masallaci, kuma da lasifikar nan muke sanar da jana'iza da ɗaurin aure da yaron da ya ɓata. Me zai hana kowane masallaci ya wakilta matashi ɗaya mai waya, ya riƙa bin sanarwar GMet da ta hukumar agajin gaggawa, NADMO, in an yi gargaɗi ya kai wa ladan, a faɗa da Hausa? Kalmomi kaɗan sun isa: a ɗauko yara, a ɗaga katifa da takardu, a kashe wuta daga mita in ruwa ya shigo, kada a tsallaka ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, kada a fake a gidan mai ko gindin bishiya, a kira 112.

Na san wani dattijo zai ce da ni, "Ɗana, sanin gaibu sai Allah." Haka ne, Baba. Amma wanda ya hau soro ya hango ayari tafe bai yi duba ba, ido ya buɗe. Kuma an umarce mu da ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Wani kuma zai ce hasashen kan saɓa, a ce ruwa a ga rana. Yakan faru, domin hadari na iya watsewa a hanya ko ya karkata. To in an saɓa, me aka rasa? An ɗora katifa a kan tebur an sauke ta.

Akwai kuma laifin da ba na kowa ba ne sai namu. Da idona na sha ganin an jira ruwa ya kece sannan a fito da buhunan shara a juye a kwata, wai ya tafi da su. Inda yake kai su ɗakin maƙwabcinka ne na gangare, daga nan kuma sai amai da gudawa, irin annobar kwalara ta 2014 da ta ci mutum fiye da 200 a ƙasar nan. Wannan ma daga kan mumbari ya kamata a riƙa jinsa tun watan Afrilu, a Nima da Fadama da Sabon Zango, har Aboabo da Sawaba a Kumasi inda su ma ruwa ke shiga gidaje.

Sarakunan zango da limamanmu suna da murya a wajen hukuma. Takarda ɗaya daga ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, za ta isa ta sa masallatai su karɓi wannan aiki. Abin da za mu nema daga GMet ɗan kaɗan ne: duk gargaɗin da ta fitar, ta haɗa da saƙon murya na minti ɗaya da Hausa wanda za a iya turawa ta WhatsApp, kuma a fara kafin Yunin bana.